Nawa Ake Biyanka a Da?

Ɗan'uwa mai karatu, a ce an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Ka taso daga Tsibiri ko Jiratawa ka shigo Maraɗi cin rani. A unguwar Zariya ka ji wani maigida yana neman mai gadi. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi. Ya dube ka ya ce, "Samari, inda ka yi aiki bara, nawa ake biyanka a wata?"

Jaka 25 ake ba ka. Amma zuciyarka ta raɗa maka, "Ka ce jaka 40. Wa zai sani?" A gida kuwa ga bashin taki, ga kuɗin makarantar yara, ga tsohuwa ba lafiya. To, me za ka ce?

ALLAH YA SAN LISSAFIN

Buɗe Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da matarsa Safiratu sun sayar da gonarsu, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo saura kamar shi ke nan duka. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa yake. Ba wanda ya tilasta masa ya kawo duka. Laifinsa ƙarya ce. Bayan kamar sa'a uku Bitrus ya tambayi Safiratu nawa suka sayar. Ta faɗi adadin da ba shi ne ba. Su biyu suka mutu a rana ɗaya.

Ka ga, tambayar kuɗi aka yi mata, irin wadda aka yi maka. Mutum ne ya yi tambayar, amma Allah yana jin amsar.

Ko a idon mutane ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Maraɗi ba ta da girman da za ta ɓoye ka. Sabon maigidanka yana iya gamuwa da tsohon a kasuwa ko wurin biki. Ran da maganar ta fito, zai ce, "Wanda ya yi mini ƙarya a ranar farko, yaya zan bar masa makullin gidana?" Zai kuma ce, "Ashe haka Kirista suke?" Ka zubar da sunanka, ka jawo wa sunan Almasihu zargi saboda jaka 15.

NEMAN ƘARI BA ZUNUBI BA NE

Kada ka yi tsammani mai bi dole ya karɓi duk abin da aka miƙa masa. Yakubu ya yi ciniki da Laban a kan ladan kiwo. A Farawa sura 30 ya nuna masa yadda garken yake kaɗan kafin zuwansa, da yadda ya yawaita a hannunsa. Aikinsa ya sa a gaba. Kai ma kana da hanyoyi uku masu tsabta.

Na ɗaya, faɗi gaskiya ka ƙara da bukatarka: "Jaka 25 ne, ranka ya daɗe, amma bai ishe ni ba, shi ya sa na bari."

Na biyu, kana iya kame bakinka cikin ladabi: "Maigida, a bar na baya, mu yi maganar wannan aiki." Shiru ba ƙarya ba ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma, tun 2018 doka ta hana mai ɗaukar ma'aikaci yin wannan tambaya.

Na uku, san hakkinka. A Nijar, mafi ƙarancin albashin wata da hukuma ta yanke shi ne sefa 42,000, wato jaka 42. Kafin nan 30,047 ne. Duba fa! Ƙaryar da ka so yi ba ta ma kai abin da za ka iya roƙo da gaskiya ba.

KAI KUMA MAI BIYA

Watakila kai ne mai ɗaukar 'yan ƙodago a gonarka ta rani a Jiratawa. Kada ka tambayi talaka ladansa na da don ka danne shi. Kada ka ce masa, "Haka kowa yake biya," alhali ka san ba haka ba ne. Laban ya sauya wa Yakubu lada har sau goma, Allah kuwa ya gani. Iyaye, kada ku koya wa ɗanku ƙarin baki sa'ad da zai tafi birni. Ku sallame shi da addu'a.

IN KA RIGA KA YI FA?

Akwai gafara. Yesu Almasihu ya mutu saboda maƙaryata irinmu, ya kuma tashi. Ka hurta zunubinka gare shi yau. Sa'an nan ka je wurin maigidanka ka gyara maganar. Mai yiwuwa ya rage maka kuɗi. Mai yiwuwa ya sallame ka. Ba mu yi maka alkawari zai zo da sauƙi ba. Amma za ka kwanta da salama, abincin da za ka kai wa 'ya'yanka kuwa ba na zamba ba ne.

Yi wannan addu'a: Ya Ubangiji, ka san bukatar gidana. Ka gafarta mini ƙaryata, ka tsare bakina a gaban mai ba ni aiki, ka ba ni abincin yau ta hanyar gaskiya. A cikin sunan Yesu, Amin.