Mai Sayarwa Ya Faɗi Aibin Kayansa, Ko Kuwa Ya Yi Shiru?

Akwai wani tsohon direba a Ƙanƙara, abokina ne tun muna samari. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da mota Peugeot 504, doguwar nan mai ɗaukar fasinja, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a shekara ta 1975. Ta yi masa aiki shekaru da yawa a hanyar Ƙanƙara da Sheme da Funtuwa. Da idonsa ya fara rauni sai ya yi niyyar sayar da ita. Ran nan muna zaune a ƙofar gidansa muna shawarar kuɗin da zai yi mata, sai ɗan ƙanensa ya zo da waya a hannu, ya ce, “Baba, dubi wata tsohuwar mota a Amurka. Ta girmi taka, ga tsatsa, amma kuɗinta ya isa a sayi dukan motocin tashar nan.”

Muka duba, muka yi dariya, gama ba mu gaskata ba. Ashe yaron ya faɗi gaskiya.

Bari in ba ku labarin irin motocin nan kaɗan. A shekara ta 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki wata mota matsakaiciya mai suna LeMans, ya sa mata babban inji mai silinda 8, mai ƙarfin doki 325, ya kira ta GTO. A shekarar nan kuma Ford ya fitar da Mustang. Samarin Amurka suka yi ta saye, gama man fetur yana da araha a lokacin. Da tsadar mai ta zo a 1973 sai kasuwarsu ta faɗi. Waɗanda suka ragu kuwa suka zama abin nema wurin masu kuɗi.

Wadda yaron ya nuna mana Mustang ce koriya ta 1968, wadda Steve McQueen ya tuƙa a cikin sinima mai suna Bullitt. Wani mutumin New Jersey ya saye ta a 1974, matarsa tana zuwa aikin koyarwa da ita. A 1977 McQueen ya rubuta takarda yana so a sayar masa, aka ƙi. Daga baya ta lalace, aka ajiye ta shekaru da yawa. A watan Janairu na 2020 aka kai ta gwanjo a jihar Fulorida, ba a yi mata sabon fenti ba, ba a ɓoye tsatsarta ba. Aka saye ta a kan dala miliyan 3 da dubu 740.

Me mai sayen ya biya wa kuɗin nan? Ƙarfen da ke jikinta bai kai haka ba. Ya biya ne domin ya tabbata ita ce motar, ba wata ba. A kasuwar motocin nan akwai masu ɗaukar LeMans, su manna mata alamar GTO, su ce asali ce. Saboda haka masu saye su kan duba lambar inji da ta jiki, su gwada da takardun kamfani. Har ma a 1972 Amurka ta yi doka ta hana a juya agogon mil na mota baya. Ba a yin doka a kan abin da ba a aikatawa.

To, mu komo Ƙanƙara. Motar abokina tana da ciwo a ɓoye. Kan injinta ya tsage kaɗan. In an tashe ta da safe, muryarta lafiya lau. In an zaga gari da ita, ba abin da za a gani. Amma in ta yi tafiyar sa'a guda da kaya, sai ta yi zafi, ruwan lagireto ya shiga cikin baƙin mai, man ya koma kamar kunu. Dillalin da ya zo ya san wannan sarai. Ya ce, “Malam, ka juye man, ka zuba sabo ranar da za a zo dubawa. Ni ban ce ka yi ƙarya ba. In ba a tambaye ka ba, ka yi shiru. Ciniki ido ne.”

Kada mu yi saurin zagin dillalin nan, gama maganarsa tana da nauyi. Mai saye ba yaro ba ne. Zai zo da bakanikensa, a buɗe inji, a saurara. Ya san tsohuwar mota ya ke saye, domin haka ne ba zai biya kuɗin sabuwa ba. Shi ma kuwa ba zai faɗa wa mai mota iyakar abin da ke aljihunsa ba. A kasuwar shanu ta Sheme mai saye ya kan buɗe bakin sa ya duba haƙora da kansa, ba wanda ya ke jira mai sa ya ƙidaya masa shekaru. Bayan wannan kuma abokina yana da 'ya'ya mata biyu da za a aurar, ba shi da wata dukiya sai motar. Mai cikakken rumbu ba ya jin wuyar faɗa wa mai yunwa ya yi gaskiya.

Gardamar nan tsohuwa ce ƙwarai. Wani masanin Roma mai suna Sisero ya rubuta a kanta shekara 44 kafin haihuwar Almasihu. Ya ba da misalin wani falke da ya ɗauko hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodusa, inda a ke yunwa. A hanya ya ga waɗansu jirage cike da hatsi suna biye da shi. Ya faɗa wa mutanen gari, ko kuwa ya yi shiru ya sayar da tsada? Ya kuma kawo misalin mai sayar da gida wanda ya san gidan yana da aibi. Masana biyu suka yi gardama a cikin littafin, ɗaya ya ce shiru ba ƙarya ba ne, ɗaya ya ce mutum ba ya barin ɗan'uwansa cikin duhu domin riba. Sisero ya yanke cewa dukansu biyu, falke da mai gida, ya kamata su faɗa.

Ni dai ban bi shi duka ba. A kan falke ina da shakka. Wanda ya kai masara kasuwar Dandume, ya kuma ji cewa motoci suna tafe gobe, hatsinsa lafiyayye ne, mudunsa cikakke. Labarin kasuwa na kowa ne, wanda ya riga ji ya riga. In da yunwa ce mai kisa, sai in ce ya ji tausayi, amma wannan wata magana ce dabam. Mai gida kuwa, da mai mota, aibin yana cikin kayan da su ke miƙawa. Su kaɗai suka sani, mai saye ba shi da hanyar ganewa ko da ya zo da bakanike goma.

A nan ne maganar dillali ta karye. Ya ce ciniki ido ne, sa'an nan ya ce a zuba sabon mai. Don me za a zuba? Domin idon nan kada ya gani. Wanda ya rufe rijiya da ciyawa ba zai ce bai tura kowa ba. Da a ce tayoyi ne suka suɗe, ko gilashi ya fashe, ba sai abokina ya yi magana ba, gama suna a fili. Ba dole ne ya faɗi nawa ya saye ta ba, ko dalilin da ya sa ya matsu. Waɗannan nasa ne. Amma tsagar nan ta zama ta mai saye tun ranar da ya biya kuɗi, ya kuwa kamata mutum ya san abin da ya mallaka.

Akwai kuma waɗanda ba a kira su wurin cinikin ba. Motar haya ce. Wanda ya saye ta zai cika ta da mata da yara da buhuna, ya nufi Faskari ko Sabuwa. Ku da ke ƙasar nan kun san abin da hanyoyinmu suka gani daga 'yan fashin daji tun wajen 2019, kun kuma tuna da ɗaliban makarantar Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020. Motar da ta mutu a tsakiyar daji da magariba ba hasarar kuɗi kaɗai ta jawo ba. Fasinjan nan bai zo da bakanike ba, ba wanda ya rage masa kuɗin mota domin injin yana da tsaga.

Yaron nan mai waya ya ce, “Ai Baba, ka ga ta Amurka, gaskiya ce ta ƙara mata kuɗi.” Na ce masa kada ya ruɗi kansa. Tsatsar waccan mota shaida ce, domin haka masu ita ba su yi hasarar kome ba da suka bar ta a fili. Tsagar motar babansa ba shaidar kome ba ce, sai dai kuɗin gyara. In ya faɗa, kuɗin zai ragu, ba kuwa wanda zai zo daga baya ya cika masa. Ba na son a koya wa yara cewa gaskiya kullum tana kawo riba a kasuwa. Ranar da ba ta kawo ba, sai su ga an cuce su, su bar ta.

Abokina bai ce kome ba ran nan. Bayan mako biyu wani saurayi ya zo daga Faskari tare da bakanikensa. Suka duba, suka yaba, aka yi ciniki har aka kusa sallamawa. Sai tsohon ya ce, “Ɗana, kafin ka ƙidaya, zo ka zaro sandar mai ka gani.” Bai juye man ba. Saurayin ya duba, ya yi godiya, ya mai da kuɗinsa aljihu ya tafi. Dillali ya yi fushi domin la'adarsa, har wa yau ba ya gaishe shi da kyau.

Motar ta ƙara wata uku a gindin darbejiya. A ƙarshe wani bakanike daga Funtuwa ya saye ta, ya cire kuɗin wani kan inji daga farashin, ya kuma ja ta da igiya. An yi bikin babbar 'yar, amma ba a sayi gadon da uwarta ta so ba. Na ƙaramar an ɗaga shi sai bayan kaka.