Yaron da Ba Ya Amsa Gaisuwa: Me Za Mu Faɗa wa 'Yan'uwansa?

Ya kai mai karatu, wataƙila a gidanka ko a gidan maƙwabcinka akwai wani yaro wanda in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ko da shi ke kunnensa lafiya yake. Ba ya son duban mutum ido da ido. Yakan wuni yana jera totuwar masara, in an taɓa ɗaya sai ya fashe da kuka. Sa'anda injin niƙa ya tashi, sai ya toshe kunnuwansa ya yi ta kaɗa jiki. Waɗansu suna cewa iskoki ne, waɗansu sammu, waɗansu kuwa rashin kwaɓa. Ƙananan yara suna ji, abin da suka ji kuwa shi za su aikata.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, a rediyo kuma akan ce galahanga. A shekarar 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11 masu irinsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi. Daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu yake fitowa, gado kuma yana da hannu a ciki ƙwarai. Ba a ɗaukarsa wurin wasa ko cin abinci tare, allurar rigakafi ba ta kawo shi, ba kuwa laifin uwa ba ne. Ka tuna da Yohanna sura 9, inda almajirai suka nemi sanin zunubin da ya sa aka haifi wani makaho, Ubangiji kuwa ya kawar da laifin daga kansa da iyayensa. Kada fa kai da ka shigo hanya ka ɗora wa yaro abin da Ubangijinka ya sauke.

Yaya za ka bayyana wa ɗan shekara biyar? Ka yi masa misali da abin da ya sani. Babu yaron ƙasar Funtua ko Malumfashi da bai san ƙaiƙayin dawa ba a lokacin sussuka. Ka ce, "Ka tuna ranar da ƙaiƙayi ya shiga rigarka? Haka ƙanenka yake jin sabuwar riga. Ƙarar babur da kai ba ka kula da ita ba, shi kamar tsawa take a kunnensa. Sa'anda yake kaɗa hannu, hankalinsa yake kwantarwa." Ka koya masa abu uku: ya yi magana kaɗan a hankali ya jira amsa, ya nemi yarda kafin ya taɓa shi ko kayan wasansa, in kuwa kuka ya ƙwace ya kira babba, kada ya taru da abokai su kewaye shi.

Akwai tambaya mai wuya wadda wansa zai kawo maka: "Baba, ni in ban gai da baƙo ba ana yi mini faɗa, shi kuwa an ƙyale shi. Ina adalci?" Kada ka kore shi, gama tambayarsa tana da nauyi. Ka kai shi gona. Shinkafa a fadama ake shuka ta, gero a jigawa. Manomin da ya zuba musu ruwa daidai ya ɓata ɗaya. Adalci shi ne a nemi kowa gwargwadon abin da aka ba shi. Ana koya wa ƙanen gaisuwa shi ma, ko da ɗaga hannu ne, amma da haƙuri da maimaitawa. Bulala ba ta ƙara masa kome sai tsoro.

Amma ka lura, wan shi ma yaro ne. Kada ka mai da 'yar shekara bakwai mai reno daga safe har magariba, har ta rasa makaranta da wasa. Tsaron rijiya da bakin titi nauyin manya ne, gama irin yaran nan sukan fita ba sallama. In wansa ya ce yana jin kunya domin ana dariyarsu a dandali, ka saurare shi, ka ba shi amsar da zai mayar: "Ƙanena ne, ƙara ce ke damunsa, zo ka ga yadda ya iya jera abubuwa."

A ɗakin sujada ma, in ganga da lasifika sun yi masa yawa, a bar uwarsa ta zauna da shi kusa da ƙofa, kada a harare ta. Malamin makarantar Lahadi ya ba shi wuri ɗaya wanda ba a sakewa. Ka nemi shawarar likitan yara tun da wuri. Asibitin koyarwa na Shika yana kan hanyar Funtua zuwa Zariya. Addu'a da neman likita ba su gaba da juna. Dokar ƙasa ta 2019 ma ta hana a wulakanta masu buƙata ta musamman.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Ya'yanka suna duban fuskarka sa'anda yaron nan ya yi kuka a gaban baƙi, suna kuma jin sunan da kake kiransa da shi. Wata rana ba ka nan, su za su riƙe shi. Ka tambayi kanka yau, da wane hannu kake koya musu su riƙe shi? Allah shi ba mu haƙuri da ƙauna. Amin.