Kanwar Da Duka Ya Tono

Tsakanin duniyar Mas da ta Jufita akwai wata ƙaramar duniya mai suna Seres, wadda Fada Giuseppe Piazzi ya fara hangowa daga birnin Palermo na ƙasar Italiya a ranar 1 ga Janairu, 1801. A shekarar 2015 kumbon Dawn na Amurka ya isa gare ta, ya ɗauko hoton wani ƙaton rami da ake kira Occator, mai faɗin kilomita 92. Wani dutse ne daga sararin sama ya faɗo ya haƙa shi. A tsakiyar ramin kuwa ga wani abu fari fat yana ƙyalli.

Da masana suka bincika, sai suka tarar yawancinsa gishiri ne irin wanda ke cikin kanwar da ake aunawa a Kasuwar Kurmi. Dukan dutsen ya tsattsaga ƙasa, ruwan gishirin da ke kwance a can ƙarƙashi ya sami hanya ya ɓulɓulo, ya ƙafe, ya bar farin a fili.

To, ga tambaya: wahala ce takan ƙera halin mutum, ko kuwa tono shi take yi? Dutsen nan bai zo da kanwa ba, tarar da ita ya yi. Haka birnin Kano ya sha duka a tarzomar 1953, da ta 1980, da ta 1991. A kwanakin nan wani ya ɗauki wuƙa, wani kuwa ya buɗe ƙofarsa ya ɓoye maƙwabcinsa. Masifa ɗaya ce ta auka musu, amma kowa abin da ya daɗe yana tarawa a zuciya shi ya fito. Gaskiyar magabata ne, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kada kuwa wani ya ce ashe duka alheri ne. Wanda ya rasa ɗansa a tarzoma, kirkin maƙwabci ba zai mayar masa da shi ba, kuma wanda ya yi ɓarna ba shi da rabo a cikin yabon.

Ranar da dutse zai faɗo ba a hannunmu take ba. Abin da zai tarar a cikinmu kuwa, mu ne muke ajiye shi yau, a gida da kasuwa da wurin aiki. Saboda haka mu tara haƙuri da gaskiya da jinƙai tun ana zaune lafiya.