Talhatinar Kaka: Ina Gaskiyarta Take?

Talhatina, zoben nan na jan aƙiƙ mai tsini da mata ke ratayawa a wuya, muna ɗaukarta gadon gida. Amma dutsenta baƙo ne. An daɗe ana sassaƙo shi a Kambai ta ƙasar Indiya. A ƙarni na 19 kuma masassaƙan Idar-Obashtain a Jamus suka shiga kasuwar da duwatsun Burazil, suna gasa su har su yi ja. Daga bisani aka zubo irinta da gilashi a Bohemiya.

Dillali ya san hanyar rarrabewa. Dutse ya fi sanyi a tafin hannu. Gilashi yakan ɓoye ƴan kumfa a cikinsa, da tabon ma'ajin da aka zuba shi.

To, a ce magajiya ta kai talhatinar kakarta, aka ce mata gilashi ce. Me ta rasa? Kuɗi, babu shakka. Sai dai gurbin da zare ya ci a bakin zoben cikin shekara hamsin yana nan, kuma wuyan kakarta ne ya yi shi. A ganina wannan gadon bai ragu ba.

Wanda nake zargi shi ne mai goge sabuwa da yashi don ta yi kama da tsohuwa. Mai sayar da gilashi da sunan aƙiƙ ƙarya ya yi a kan dutse. Wannan kuwa ya ƙaga wata kaka da ba a taɓa haihuwa ba, ya sa mata farashi.