Mai Ciwon Jijiyar Ƙafa: Alwalarsa, Sallarsa, Da Haƙƙinsa A Cikin Sahu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, kuma bai ɗora masa ibada ba sai gwargwadon ikonsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ina yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah, ina kuma yi muku.

Akwai wani dattijo da ke tsayuwa a sahun farko, ɓangaren dama, tun zamanin limamin da na gada. Kwanakin baya sai na daina ganinsa. Da aka yi Jumma'a biyu ban gan shi ba, na tafi gidansa, na iske shi zaune bisa tabarma a zaure, ya miƙe ƙafafu. Na duba, babu rauni, babu kumburi. Na ce: "Baba, lafiya muka daina ganinka?" Ya ce: "Liman, ƙafafun nan da kake gani lafiya lau, cikinsu garwashi ne. Da dare ko mayafi ya taɓa su sai na farka. Rannan wani yaro ya danne mini ɗan yatsa da ƙafarsa wai a haɗa sahu. Na janye, ya biyo ni. Na sake janyewa, ya sake biyo ni. Wallahi ban san abin da ka karanta a raka'ar nan ba. Da aka sallame ya ce in ji tsoron Allah, in daina bar wa Shaiɗan wuri. Shi ne na ce gara in yi sallata a ɗaka."

Na fito gidan nan da nauyi a zuciyata, domin a masallacina abin ya faru, ina gaba, ban sani ba.

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, wannan ciwo gaskiya ne, ba raki ba ne, ba kuma lallai sai sammu ko taka sa'u ba. Allah Ya shimfiɗa jijiyoyi siririya a jikinmu, su ke kai saƙon zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa. Mafi tsawonsu su ne waɗanda ke sauka har yatsun ƙafa, shi ya sa su ke fara lalacewa. Idan suka lalace sai su riƙa kai saƙon ƙarya: mutum ya ji ƙuna babu wuta, ya ji sukar allura babu allura, ya ji kamar ya taka ƙarangiya alhali bisa darduma yake tsaye. Abin ya fi tsanani da dare. Babban sanadinsa a garuruwanmu shi ne ciwon sukari, kuma likitoci sun ce kusan rabin masu wannan ciwo suna iya gamuwa da shi in shekaru suka yi nisa. Kuturta tana kawo shi. Ƙarancin sinadarin bitamin B12 yana kawo shi, haka shan giya, haka wani daga cikin magungunan tarin fuka, wanda don haka ne ake haɗa wa wasu majiyyata shi da bitamin B6. Wani kuma aiki aka yi masa a ƙafa ko a baya, ko ya yi haɗarin babur, jijiya ta taɓu. Rauni ya warke, ɗinki ya ɓace, amma wurin ko iska ba ya so.

Abin tsoro a nan shi ne, ƙafar da ke ƙuna da dare ita ce kuma wani sashenta ke mutuwa. Sai mutum ya taka ƙusa ko tsidau bai ji ba, ya wuni da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya ruɓe, a wayi gari ana maganar yanke ƙafa.

To mene ne hukuncin alwalarsa? Wanke ƙafafu zuwa idon sawu farilla ne, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratul Ma'ida, kuma a ƙarshen wannan ayar ne Allah Ya bayyana cewa ba Ya nufin sanya mana ƙunci. A mazhabar Imamu Malik cuɗawa ma farilla ce. Amma da yawanmu mun ɗauka cuɗawa ita ce a gurza ƙafa kamar ana wanke tukunya. Ba haka ba ne. A bi gaɓar da hannu tare da ruwa, ko nan take bayan an zuba, a hankali, ya wadatar. Tsettsefe yatsun ƙafa kuwa a alwala mustahabbi ne, na hannu shi ne wajibi. Wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san wannan. Saboda haka kada wani ya azabtar da kansa bisa abin da ba a wajabta masa ba.

Idan akwai rauni ko ɗinki, kuma ana tsoron ruwa zai ƙara ciwon ko ya jinkirta warkewa, ko dai mutum ya jarraba ya gani, ko likita masani ya gaya masa, to malamanmu sun jera matakai. Ya shafi wurin da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya. In ba zai iya ba, ya shafa bisa maganin ko audugar da aka ɗora. In wannan ma ba ta yiwuwa, ya shafa bisa bandejin da aka naɗe. Ya wanke sauran gaɓoɓinsa masu lafiya yadda ya saba, alwalarsa cikakkiya ce, ba ya sake salla. Ba sharaɗi ba ne a ce yana da alwala lokacin da aka ɗaura bandejin. In bandejin ya faɗi, ya mayar ya sake shafawa nan da nan. Akwai kuma shafa bisa huffi, wato na fata, ɗinkakke, mai rufe idon sawu, wanda aka sa bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Wannan rahusa ce ga mai lafiya ma, balle majiyyaci. In kuwa wanke gaɓoɓin masu lafiya shi kansa zai cutar, sai taimama.

Ina roƙon waɗanda ke saurin ba da fatawa a bakin famfo su tuna da ruwayar da ta zo cikin Sunan na Abu Dawuda, ta sahabin da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙi, suka ce ba shi da shi tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya isa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi fushi mai tsanani, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, domin sun yi magana ba da sani ba alhali suna iya tambaya.

Game da salla kuwa, Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya yi fama da basur, ya tambayi Annabi, aka umurce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance bisa gefensa. Buhari ya ruwaito. Malamai suka ce kasawa ba ita ce kawai a faɗi ƙasa ba. Tsananin wahala da tsoron ƙaruwar ciwo suna ciki. Wanda zai iya tsayuwa da jingina ga gini ko sanda ya yi, wanda ba zai iya ba ya zauna. Amma a kiyaye: abin da aka kasa shi kaɗai ke faɗuwa. Mai iya tsayuwar kabbarar harama da Fatiha ya tsaya musu, sa'an nan ya zauna. Mai iya sa goshi a ƙasa kada ya bar sujada don ya samu kujera. Kafa yatsun ƙafa a sujada, da zama bisa wani tsari a tahiya, ba su cikin abin da ke ɓata salla in an bar su don ciwo. Ya miƙe ƙafarsa yadda za ta huta. Wanda kuma likita ya hana shi taka ƙasa babu takalmi, ya tanadi wani mai tsarki na cikin masallaci kawai. Anas ɗan Malik ya tabbatar cewa Annabi yakan yi salla da takalmansa.

Yanzu mu dawo ga sahu. Ban musa ba, ya tabbata cewa sahabbai sukan haɗa kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, kuma an yi umurni da daidaita sahu da toshe giɓi. Yaron da ya bi dattijon nan da ƙafa, na tabbata lada yake nema. Amma ka tsaya ka yi tunani, ya ɗan uwana. Daidaita sahu abin so ne, cutar da Musulmi kuwa haramun ne ba tare da saɓani ba. Yaya za ka taka haramun don ka kai ga abin so? An so sahu ya daidaita domin zukata su haɗu. Kai kuwa ka haɗa ƙafa, ka kori mai ƙafar daga masallaci, ka raba shi da jam'i wanda ya fi sallar mutum ɗaya da daraja 27. In ka matso, na kusa da kai ya janye ƙafarsa, to tsaya inda kake. Ba ka san abin da ke cikin safarsa ba. Ka daidaita kafaɗarka da tasa, ka mai da hankalinka ga Wanda kake ganawa da Shi. Haka masu tsallake wuyan mutane ran Jumma'a, da masu gudu su sami ruku'u suna tattake duk abin da ke gabansu.

Mu limamai ma muna da namu laifin. Annabi ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal faɗa don ya tsawaita karatu, ya kuma hori mai jan salla ya sauƙaƙa saboda akwai marar lafiya da mai rauni da mai uzuri a bayansa. Ni kaina na sha jan doguwar sura da Asuba ina jin daɗin muryata, ban tuna akwai wanda ke tsaye bisa wuta ba. Allah Ya gafarta mini.

Kai kuma da Allah Ya jarrabe ka, ka yi bushara. Ya tabbata cewa babu wata wahala da ke samun mumini, ko da sukar ƙaya ce, face an kankare masa zunubi da ita. Ya kuma tabbata cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladar abin da ya saba yi yana da lafiya. Faɗin "ƙafata tana ciwo" ba ya warware haƙuri. Annabi Ayuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, Allah kuma Ya yabe shi da haƙuri. Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Asma'u ɗiyar Abubakar, ɗaya daga cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina, ya tafi Sham wurin halifa Walidu ɗan Abdul Malik, wanda ya yi mulki daga shekarar 86 zuwa 96 bayan Hijira. Ƙafarsa ta ruɓe, likitoci suka yanke ta, kuma a wannan tafiya dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya rasu. Ya gode wa Allah bisa gaɓoɓi da ƴaƴan da aka bar masa. Masu wa'azi sukan tsaya ga cewa ya ƙi shan abin gusar da hankali lokacin yankan. Wannan hali ne nasa, ba hukunci ba ne a kanmu. Allurar kashe zafi don aiki halas ce. Abin da nake so ku riƙe shi ne, babban malami kamarsa ya saurari likitoci, ya yarda da abin da suka ce.

Saboda haka ka nemi magani tun da wuri. A auna maka sukari a gidan likita. Maganin ciwon kai da muka saba ba ya cika tasiri ga ciwon jijiya. Akwai nasa daban, wanda likita ke rubutawa, ana fara shi kaɗan kaɗan, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi. Ka nisanci ƙwayoyin ƴan tebur, musamman tramadol da yara ke kira Tramol, wanda muka ga yadda ya halaka samarinmu. In ka ga wani tabo mai haske a fatarka wanda ba ya jin taɓawa, kada kunya ta riƙe ka: kuturta tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, kuma cibiyar Danja, kudu da Maraɗi, ta daɗe a wannan aiki.

Kowane dare ka duba ƙafarka, tafi da diddige da tsakanin yatsu. In idonka ba ya kaiwa, ka sa madubi, ko ɗanka ya duba. Wannan yana cikin biyayya ga iyaye. Lokacin hunturu, ruwan alwala da aka ɗumama ka fara gwada shi da gwiwar hannu, kuma kada ka kara ƙafa kusa da garwashi. Bayan alwala ka share tsakanin yatsu, babu laifi a cikin haka. Ka shafa man kaɗanya ga faso, ban da tsakanin yatsu. Ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa. Kada ka bari a yanke maka kanta da reza ko a yi maka sakiya. Iyayenmu mata su lura, lalle yana ɓoye rauni. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, simintin harabar masallaci da Azahar yana iya toye tafin ƙafa mai shi bai ji ba. Alhazai ma su kiyaye wannan a ƙasa mai tsarki.

Na zauna da kwamitin masallacinmu, mun yanke shawara uku. Za a shimfiɗa tabarmi daga wurin alwala zuwa ƙofa. Za a sa benci a bakin famfo, da kujeru a ƙarshen sahun farko da na biyu, ba can baya wurin takalma ba. Za a kuma bar ƙofar gefe a buɗe ran Jumma'a domin marasa lafiya su fita kafin cunkoso. Mai kafinta a gidansa ko mai tabarmar da ba ya amfani da ita ya ga ladan bayan La'asar. Dattijon nan ya yi mini alkawarin dawowa Jumma'a mai zuwa in Allah Ya yarda, kuma yaron da ya taka shi, bayan mun yi magana, shi ya roƙa a bar shi ya je ya ɗauko shi.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.