Waƙar Wanda Ya Ɓace, tare da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Na fara da sunan Mai raya mu,
Mai kashe mu, Shi ne Alƙadiri.

Tsira da aminci ga Ɗan Amina,
Shi ma ya yi kuka bakin kabari.

Wanda aka binne an san ɗakinsa,
A zo gaisuwa, a ba da haƙuri.

Wanda ya ɓace fa, ina za mu nufa?
Ba gawa, ba salla, ba labari.

Mun raka alhazanmu da murna,
Wasu na Mina, ba su dawo gari.

Matarsa tana sauraren ƙofa,
Ba takaba, ba miji, sai zikiri.

Ya Rabbi, gare Ka ba mai ɓacewa,
Haɗa mu da su bakin Alkausari.

SHARHI

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan mu da kai, rashi iri biyu ne. Akwai wanda aka yi wa wanka da sutura, jama'a suka taru daga Birketeri har Cité Verte, aka yi zaman makoki aka watse. Akwai kuma wanda ya fita bai dawo ba. Na biyun ya fi ɗaci, domin zuciya ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Baiti na biyar yana nufin turmutsitsin Mina, ranar Babbar Salla ta 1436, wato 24 ga Satumba 2015. Kamaru ta rasa alhazai fiye da 100, aka ɗauki makonni ana neman wasu. Haka kuma ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin ƙasan da ya tashi daga nan Yawunde zuwa Duwala ya kife a Eseka, hukuma ta ƙidaya mamata 79, iyalai suka yi ta zagayen asibitoci suna cigiya.

To, shari'a ba ta bar matar mafƙudi a rataye ba. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana cikin Risala cewa za ta kai maganarta gaban alƙali, a yi bincike. In an rasa labarinsa, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wucewa. Wanda ya ɓace cikin annoba ko halaka bayyananniya, nasa hukuncin dabam ne, sai a kai wa malamai.

Kada ka ce mata, "Ki fid da rai," kada kuma ka ce, "Yana nan tafe." Duka biyun gaibu ne. Dubi Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi: ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai kai ƙara ga kowa ba sai Ubangijinsa, kuma ya tura 'ya'yansa nema. Hawaye da cigiya ba su ɓata haƙuri.

Ya ku 'yan'uwa, gidan mutuwa na samun baƙi kwana 3, gidan ɓata kuwa ana mantawa da shi. Idan an tashi daga wazifa, a ambaci sunan ɓataccen cikin addu'a. A kai wa iyalinsa tsaba, a biya kuɗin makarantar yaran, a raka matar wurin malam.

Allah Ka bayyana su in suna raye, Ka gafarta masu in sun riga mu. Wassalamu.