Rufe Tukunyar, Ka Ɗauke Hannunka

Karatun yau: Fitowa 16:13-30

  

Shekarar da 'yata ta haihu a Amurka, ni na je na zauna mata jego a birnin Shikago, sanyi yana kan ganiyarsa. Wata Lahadi da safe, ranar da za a fara fita da jaririn sujada, na ce su tafi ita da maigidanta, ni zan tsaya in ɗora abincin rana. Ta ce, "A'a Mama, tare za mu. Abincin zai dafa kansa."

Ta jawo wata tukunyar lantarki da suke kira Crock-Pot. Kasko ne na tangaran mai kauri, zaune cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi, da maɓalli guda. Miyar tun daren jiya ta haɗa ta: niƙaƙƙen naman sa da ta soya da albasa da tafarnuwa, ta zuba masa tumatir mai yawa. Ta shafa ɗan mai a kaskon, ta shimfiɗa miya a ƙasa, sannan ta watsa ɗanyar taliya yadda ta fito daga leda, ko ruwan zafi ba ta gani ba. Irin gajerun nan ne masu rami, 'yan'uwan makaroni, da suke ce wa ziti, abincin da Italiyawan Amurka suka saba gasawa a tanda. A kan taliyar ta ɗora cuku iri biyu. Cukunsu ba kamar busasshen nan na Nijar da ake ci da shayi ba ne: ɗaya fari ne mai laushi kamar kindirmon da aka tsane, sunansa rikota, ɗayan kuma mozarela, mai narkewa yana yauƙi. Miya, taliya, cuku; miya, taliya, cuku, har hawa uku. Ta bi da bayan cokali tana dannawa don kada ko ƙwaya ɗaya ta leƙo saman miya, ta zuba rabin kofin ruwa ta gefe, ta ajiye sauran cukun a firiji, ta rufe, ta murɗa maɓallin zuwa ƙaramar wuta. Shi ke nan, ta tafi shirya yaro.

Ni kuwa na kasa barin madafin. Sama da shekara arba'in ina girki, kuma duk girkin da na sani yana son hannu. Tuwo sai da muciya, miya sai da juyi, murhu sai an iza masa wuta. A inda na tashi, macen da ta ɗora tukunya ta fice, sunanta mai sakaci. Rabin awa ya wuce, ban ji tafasa ba, ban ji ƙamshi ba, sai ɗan gumi da ya taru a cikin murfin. Na ɗauko cokali, hannuna ya kai kan murfin ke nan, sai na ji muryarta daga ƙofa: "Mama, don Allah kada ki buɗe. Zafin da ta tara shi ne jarinta. In kika ɗaga, tururin ya tafi, sai ta ɗauki kusan minti ashirin kafin ta koma inda take. In kika juya kuma, kin rushe jerin."

Na ajiye cokalin, muka fita. Ana waƙa, ana wa'azi, rabin zuciyata na gida wajen tukunya. Da muka dawo bayan awa uku da wani abu, tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya tarye mu. A lokacin ne ta buɗe, sau ɗaya tak, ta watsa sauran cukun, ta mayar da murfi na minti goma sha biyar har ya narke, ta kashe, ta ce a bar shi ya ɗan huce ya haɗe jikinsa. Taliyar nan da na gani busasshiya kamar tsakuwa ta shanye miyar ta yi laushi har ciki. Duk wannan aiki an yi shi ne ba ma nan.

Daga baya na san asalin tukunyar, kuma asalin ne ya mayar da ni ga karatunmu na yau. Wanda ya ƙirƙiro ta wani Bayahude ne mazaunin wannan birni na Shikago, Irving Naxon. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1936, aka ba shi a 1940. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda ake yi a garinsu, Vilna, a ƙasar Lituwaniya. Shari'ar Musa ta hana hura wuta ranar Asabar, kamar yadda yake a Fitowa sura 35. Don haka ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, sai a haɗa wake da nama da dankali a tukunya, abincin da suke kira colent, a kai gidan mai gasa burodi, a tura cikin tanda bayan an gama gashin ranar. Sauran zafin tandar ne zai yi ta aiki dare farai, washegari a ɗauko abinci da ɗuminsa, ba wanda ya taɓa wuta. Wannan zafi mai sauƙi mai ɗorewa shi Naxon ya so ya kawo cikin gida da lantarki. A 1970 kamfanin Rival na birnin Kansas ya sayi kamfaninsa, a 1971 ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot, ta kuwa samu karɓuwa a daidai lokacin da matan Amurka da yawa suke fita aiki da safe, sai yamma su dawo.

Ashe tukunyar da na so in buɗe, 'yar ranar hutu ce. Daga gidan mutanen da suka koyi ɗauke hannu ta fito.

Yanzu mu duba inda suka fara koyon. Wata guda ke nan da fitowar Isra'ilawa daga Masar, sun iso jejin Sin, tsakanin Elim da Sinai, yunwa ta kama su. Abin da suka tuna kuwa shi ne tukwanen naman Masar. Sun manta bulala, sun manta tubali, tukunya kawai suke gani. Ubangiji bai yashe su ba. Da yamma ya aiko makware, da safe kuma, bayan raɓa ta ɗauke, ga wani abu fari siriri a kan ƙasa, suka sa masa suna manna. Sharaɗin shi ne kowa ya fita da sassafe ya tara mudu ɗaya saboda kowane kai, domin rana na yin zafi zai narke. Wanda ya yi barcin safe ya kwana da yunwa. Wanda kuma ya ɓoye saura don gobe, ya tashi ya tarar da tsutsa da wari.

Sai rana ta shida ta zo da nata umarnin. A tara ninki biyu, a toya na toyawa, a dafa na dafawa, a ajiye saura. Wannan karon ya kwana lafiya, ko tsutsa ɗaya babu. Rana ta bakwai kuwa kowa ya zauna inda yake. Duk da haka waɗansu suka ɗauki kwanukansu suka fita neman abin da aka riga aka ba su, suka dawo hannu wofi, Ubangiji kuma ya ɗauki fitar tasu a matsayin ƙin biyayya.

Na daɗe ina karanta wannan wuri ina mamakin mutanen nan. Ranar da na tsaya da cokali a kan tukunyar 'yata na gane su. Ba yunwa ce ta fitar da su ba, tunda abinci na cikin alfarwa. Zuciya ce da ba ta yarda cewa abu zai yi kyau in hannunta ba ya ciki ba. Mutanen da suka yi shekaru suna bauta, jikinsu ya saba cewa duk lomar da za su ci sai sun biya ta da gumi. Hutu ya zame musu abin tsoro. Shekara arba'in Allah ya yi yana ciyar da su da manna, kowane mako yana maimaita musu darasi guda: kwana shida ku yi naku, rana ɗaya ku zauna ku ga nawa.

Amma a lura da kyau, kada rago ya samu mafaka a nan. Tukunyar ba ta gyara abin da aka ɓata tun farko. Taliyar da aka bari a saman miya, ko awa goma ta yi, da taurinta za ta fito. In miyar ba ta ji gishiri ba, jira ba zai sa mata ba. Matan Vilna sun sha aikin Juma'a kafin su ci hutun Asabar, Isra'ilawa ma sai da suka tara ninki biyu. Mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to amma sai ya ɗora dutsen a wuta tukuna. Wanda bai shuka ba ya ce yana dogara ga Allah, kansa yake ruɗi. Tambaya ta fari a safiyar nan ita ce: ka yi naka? Ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa? Ka kai takardar? Ka kai marar lafiyar asibiti? Ka zaunar da yaron ka faɗa masa gaskiya cikin ƙauna?

In ka yi, ga tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: ka rufe?

Ni dai akwai tukunyar da na yi shekaru ina buɗewa. Ɗan autana ya yi nisa da gida, ya yi nisa da sujada. Na yi masa nasiha, na yi kuka, na yi azumi, na miƙa shi ga Ubangiji a kan gwiwoyina. Amma gari na wayewa sai in karɓe shi daga hannun da na miƙa. In kira shi da safe in tambayi inda ya kwana, in kira da yamma in tuna masa laifin bara, in tura masa kawunsa, in tura masa fasto. Ina ganin kulawa nake yi. Ashe duk ɗan ɗumin da ya fara taruwa a zuciyarsa, kiran nan nawa ne yake fitar da shi. Bayan dawowata daga Shikago na ce masa, "Ɗana, abin da zan faɗa maka na riga na faɗa. Ƙofata a buɗe take, addu'ata kuma ba za ta yanke ba." Daga ranar na daina bincike. In na kira, gaisuwa ce da sa albarka. Ba zan ce muku komai ya daidaita ba, tukunyar har yau tana kan wuta. Amma yanzu shi yake kirana da kansa, kuma yakan daɗe a waya.

Abin da yake sa mu buɗewa shi ne shirun. Mun saba auna aiki da ƙara: in ba mu ji tafasa ba, sai mu ce wuta ta mutu. Alhali mu ma mun san girkin da ba ya ƙara. Wace uwa ce ba ta taɓa barin kai da ƙafa a kan garwashi da dare ba, ta tashi da safe ta tarar nama yana zamewa daga ƙashi? Yesu ya ba da misali irin wannan a Markus sura 4, na manomin da ya watsa iri ya ci gaba da kwanciya da tashi, irin kuwa yana tsiro yana girma ta hanyar da shi kansa bai sani ba. Da zai riƙa tone ƙasa kullum don ya duba, da ya kashe shukar da hannunsa. Shirun Allah ba barci ba ne. Wutarsa tana iya zama ƙasa-ƙasa, amma ba ta ɗaukewa.

Lokacin buɗewa ma yana zuwa. 'Yata ta buɗe tukunyar sau ɗaya, a kan kari, ta ƙara abin da ya rage. Manomin ma da hatsi ya nuna ya sa lauje. Ɗauke hannu ba yasarwa ba ne. Kana nan kusa, idonka na kan gilashin, addu'arka na tashi, kana jiran ranar da za a ce maka yanzu ne.

Kafin ka fita yau, ka ambaci abu guda da ka riga ka yi iyakar ƙoƙarinka a kai, amma kana ta komawa kana leƙawa: saƙon da kake duba waya saboda shi sau ashirin a yini, bashin da yake hana ka barci, mijin ko matar da kake so ta sauya da yawan magana. Ka faɗi sunansa a gaban Ubangiji. Sannan ka ajiye cokalin, ka tafi aikinka na yau da zuciya ɗaya.

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka ciyar da jama'arka a jeji kowace safiya ba fashi, ka ba ni ƙwazon yin nawa tun rana ba ta yi zafi ba. Ka gafarta mini lokutan da na miƙa maka abu na sake karɓewa. Ka kwantar da hannuna, ka kwantar da zuciyata, in yarda kana aiki ko da ban ji motsi ba. Ka nuna mini lokacin yin shiru da lokacin magana. 'Ya'yanmu da gidajenmu da duk abin da muka ɗora muna jira, mun bar su a hannunka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.